Hazo, Cirko-cirkon Fasinja da Lamirin Matuƙin Jirgin Sama

A ƙasar Gumel ba a bukatar wata na'ura kafin a san hunturu ya kankama. Mutumin Maigatari zai kwanta da dare yana ganin taurari sarai, ya wayi gari ya tarar da rana ta fito kamar farin faranti, ana iya zuba mata ido ba tare da an yi ƙwalla ba. Kukar da ke bakin gona ta ɓace, ƙura ta kwanta a kan ganyen darbejiya, leɓe ya bushe, kaushi ya fara tsagewa. Da yake iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mutanen Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar sukan riga Kanawa ganin hazon da zai rufe filin jirgin sama na Malam Aminu Kano.

To, a ce a irin wannan safiya ta ƙarshen Disamba wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudu da ke aiki a Gumel ta yi sammako za ta gida bikin Kirsimeti. A cikin motar akwai wani ɗan kasuwa daga Sule Tankarkar da za a ɗaura wa ƙanensa aure a Legas washegari, da wani dattijo mai niyyar Umara. Sun yi tafiyar kimanin kilomita 120 zuwa Kano, an auna kayansu, an ba su takardar shiga jirgi, sun zauna. Awa ɗaya ta wuce, biyu ta wuce. Can da la'asar sai aka yi sanarwa cewa an soke tashin jirgin saboda rashin kyawun yanayi. Wannan ba sabon abu ba ne a Nijeriya. A ƙarshen Disamba 2016 hazo ya tsayar da jirage da dama a filayen ƙasar nan, a Fabrairu 2020 kuwa har jiragen ƙasashen waje da suka nufo Legas sai da aka karkatar da wasunsu zuwa Akara ta ƙasar Gana.

Halin da fasinja ke shiga kowa ya san shi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne halin da mutumin da ya ce ba za a tashi ba yake ciki. Sau da yawa ta cikin zauren da fasinjojin suke zube zai ratsa, sanye da kayan aikinsa da kowa ya gane, yana jan jakarsa, yana jin ana nuna shi. Ya ga tsohuwar da ta shimfiɗa zane a ƙasa, ya ga mai goyo, ya kuma san cewa a cikinsu akwai wanda bikin da zai rasa ba za a sake yinsa ba. Shi ma yana da iyali a wani gari suna jiransa. Matuƙin jirgi mutum ne mai lamiri, kuma damuwar da yake ji a wannan lokaci abu ne da masana harkar jiragen sama suka daɗe suna nazari a kai, domin an gano cewa tana cikin abubuwan da ke tura ƙwararren matuƙi ya aikata abin da ya san bai kamata ba.

Daga ina hazon yake?

Kafin mu shiga zuciyar matuƙin, bari mu fara da abin da idonsa ke fama da shi. A arewacin ƙasar Chadi akwai wani makeken kwari da ake kira Bodele. A zamanin da, dubban shekaru da suka wuce, wurin yana ƙarƙashin wani babban tafki wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar wata farar ƙasa mai laushi kamar gari, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Iskar arewa maso gabas takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar ruwan da aka toshe wa rabin bakin tiyo, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Masana sun sanya Bodele a sahun gaba cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Tsakaninsa da Gumel akwai kimanin kilomita 1,000, watau tafiyar kwana guda ko biyu ga iska.

Yashi mai nauyi yakan zube tun a kusa. Abin da ke isowa gare mu shi ne ƙwayoyin da suka fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, waɗanda saboda rashin nauyinsu suke iya kwanaki suna yawo a sama. Kowace ƙwaya idan haske ya faɗa mata sai ta watsa shi ta ko'ina. Saboda haka hasken da ya taso daga wani abu mai nisa ba ya isowa ido a miƙe, hasken rana da aka watsa kuma ya cika tsakani da fari. Ɗalibi na iya gwada wannan da kansa: ya haska tocila da dare a lokacin hazo, zai ga sandar hasken a fili tana tsaye cikin iska, amma abin da yake son gani can gaba ya dushe. Dalilin ke nan da ya sa direban mota da ya kunna babbar fitila cikin hazo yake ƙara makantar da kansa.

Masu duba yanayi na hukumar NiMet suna auna abin da ake kira nisan gani, watau iyakar tazarar da mutum zai iya gane wani baƙin abu da rana. Hanyar da aka gada mai sauƙi ce, har malamin kimiyya a Gagarawa zai iya sa ɗalibansa su yi ta: a zaɓi alamomi da aka san nisansu daga makaranta, kamar tankin ruwa ko hasumiyar masallaci ko doguwar eriyar waya, kowace safiya a rubuta wadda aka iya hangowa mafi nisa. A ranar da sama ta yi garau ana iya ganin fiye da kilomita 10. A ranar da hazo ya yi kauri kuwa nisan gani kan faɗo ƙasa da mita 1,000, wani lokaci ma 'yan ɗaruruwan mitoci.

Lissafin sakan goma sha ɗaya

Mai karatu zai ce, ai jirgi yana da na'urori, me ya sa sai matuƙi ya gani da idonsa? Gaskiya ne, a sararin sama matuƙi ba ya bukatar ganin komai a waje, kuma tashi ya fi sauka sauƙi ta fuskar gani. Matsalar tana wajen sauka. A manyan filaye akwai na'urar ILS, wadda ke aiko da saƙon rediyo iri biyu daga bakin titin jirgi: ɗaya yana nuna wa jirgi ko ya karkata dama ko hagu, ɗayan yana nuna masa ko ya yi sama da yawa ko ƙasa da yawa a kan gangaren da ya kamata ya bi. Amma a matakin farko na wannan na'ura, wanda shi ne aka fi samu, iyakarta ta kawo jirgi zuwa tsayin ƙafa 200, kimanin mita 60 daga ƙasa. A nan dole matuƙi ya ɗaga kai. In ya ga titi ko fitilunsa ya sauka. In bai gani ba, doka ta ce ya ba injin wuta ya koma sama nan take, ba jinkiri, ba leƙe. Ƙa'idar duniya ga wannan mataki ita ce kada nisan gani ya gaza mita 800, ko mita 550 in an auna shi da na'ura a kan titin kansa.

Bari mu yi lissafi. Jirgi irin Boeing 737 yana sauka da gudun kimanin kilomita 250 a awa. A raba mita 250,000 da sakan 3,600, za a samu kusan mita 70 a kowane sakan. In nisan gani mita 800 ne, abin da matuƙi ya hango zai iso shi cikin sakan 11. In hazo ya rage shi zuwa mita 300, sakan 4 ke nan. A cikin waɗannan sakan huɗu ake so ya gane abin da ya gani, ya tabbatar titi ne ba hanyar mota ba, ya daidaita ƙarfe mai nauyin wajen tan 60, alhali injin jirgi shi kansa yana ɗaukar wasu sakanni kafin ya ba da cikakken ƙarfinsa. Akwai matakan ILS da suka fi wannan, har waɗanda jirgi ke sauka da kansa cikin duhun hazo, amma sai filin yana da kayan, jirgin yana da nasa, matuƙan kuma an horar da su an ba su shaida. In ɗaya daga cikin ukun ya rasa, an koma lissafin farko.

Wani abin da fasinja ba ya gani shi ne, sau da yawa ba yanayin inda yake zaune ne ya hana tafiya ba. Kafin jirgi ya tashi dole a tanadi wani fili na biyu da zai nufa in an kasa sauka a na farko, da man da zai kai shi can, da kuma ƙarin man rabin awa da ba a taɓawa sai ta ɓaci. Hazon hunturu kuwa ba gari guda yake rufewa ba. Yana iya lulluɓe Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri a rana ɗaya, ya gangara har gaɓar teku. In babu mafaka ta biyu, babu tafiya, ko da mutum yana ganin sama ta ɗan washe ta tagar zauren jira.

Abin da ke tura matuƙi

Dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, sun ɗora hukuncin ƙarshe game da jirgi a kan kyaftin. Kamfani na iya soke tafiya, hasumiya na iya rufe fili, amma ba wanda ke da ikon tilasta wa kyaftin ya tashi in ya ga babu lafiya. Wannan iko shi ne nauyinsa. Tunda shi ke da ta cewa, shi ne kuma zai ji cewa shi ya bar mutane a ƙasa.

Masu bincike a hukumar NASA ta Amurka, cikinsu har da Judith Orasanu, sun bi diddigin rahotannin haɗarin jirage, suka lura cewa mafi yawan kurakuran yanke shawara iri ɗaya ne: matuƙa sun ci gaba da shirin da suka fara bayan alamu sun nuna ya kamata a canza shi. Muna iya kiran wannan nacewa a kan niyya. Yana ƙaruwa ne gwargwadon kusantar inda aka nufa da kuma yawan wahalar da aka riga aka sha. Dalilinsa ba boyayye ba ne. Asarar fasa tafiya tabbatacciya ce, tana da fuska da murya, ga ta nan zaune a kan benci tana harararka. Haɗarin da ake gudu kuwa wataƙila ne, ba shi da fuska, kuma sau da yawa in an yi kasadar ana tsira. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi jin nauyin abin da take gani a kan abin da take lissafawa.

Haɗari mafi muni a tarihin jiragen sama yana da wannan a cikinsa. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titi, mutum 583 suka mutu. An karkatar da su ne zuwa wannan ƙaramin fili saboda bom da ya tashi a filin da suka nufa, suka yi awoyi suna jira. Fasinjojin KLM masu tafiya hutu ne. Kyaftin ɗinsu, Jacob Veldhuyzen van Zanten, shi ne babban mai horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin. Dokar ƙasarsa ta iyakance awoyin aikin matuƙa, lokaci yana ƙurewa, in ya ƙure sai a kwana a nemi masauki, ga kuma hazon ruwa yana saukowa. Ya fara gudun tashi ba tare da an ba shi izini ba, alhali ɗayan jirgin yana kan titin. Masu bincike sun lissafa damuwar lokaci cikin abubuwan da ake ganin sun taimaka wajen wannan gaggawa.

Namu na gida ya fi kusa da zuciya. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda aka yi hayarsa yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato da mutum 261. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, kuma masu gyara sun san haka tun kwanaki kafin ranar. Amma aikin jigilar ya riga ya makara, alhazai suna jibge suna jiran a kwashe su. Da aka nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi ba a same ta nan take ba, sai jami'in da ke kula da aikin ya ƙi yarda a jinkirta. Binciken bai sami shaidar cewa an sanar da matuƙan ba. Duk yaron mota ya san abin da ke faruwa in ɗaya daga cikin tagwayen taya ta yi sanyi: 'yar'uwarta ce ke ɗaukar nauyin duka, ta yi ta lanƙwasa tana zafi har ta fashe. Haka aka yi a kan titin Jidda. Tayoyi suka fashe, ƙarfe ya goga ƙasa, wuta ta kama, jirgin ya tashi ya naɗe ƙafafunsa da wutar zuwa cikin cikinsa, inda wayoyin lantarki da bututun man sarrafa jirgi suke. Matuƙan sun juyo don su sauka, amma jirgin ya faɗi saura kimanin kilomita 3 ya kai titi. Ba wanda ya tsira. Abin da aka guje wa shi ne jinkirin da bai kai a ce an kwana ba.

Ɗalibai kuma ya kamata su san ranar 10 ga Disamba 2005, lokacin da jirgin kamfanin Sosoliso daga Abuja ya faɗi a Fatakwal cikin hadari da iska. Mutum 108 suka rasu, 60 daga cikinsu ɗaliban sakandaren Loyola Jesuit ne da ke Abuja, za su gida hutun Kirsimeti, iyayensu na tsaye a filin suna jira. Binciken ya nuna matuƙan sun ci gaba da gangarowa ƙasa da tsayin da ya kamata su yanke shawara ba tare da sun ga titi ba, da suka yi niyyar komawa sama kuma lokaci ya ƙure.

Sai kuma ranar 29 ga Oktoba 2006, kwanaki kaɗan bayan Ƙaramar Sallah, a filin jirgin sama na Abuja. Hadari ya taso, iska tana ƙaruwa. Jirgin kamfanin ADC mai zuwa Sakkwato ya karɓi izini ya tashi, ya shiga wata iska mai juyawa farat ɗaya, ya faɗi cikin gona. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. A wannan lokaci, a wannan fili, matuƙin wani jirgin kamfanin Virgin Nigeria ya gaya wa hasumiya cewa shi zai jira yanayi ya gyaru. Ba mamaki a cikin jirginsa akwai masu duba agogo suna tsaki. A ganina duk darasin yana cikin wannan safiya: matuƙa biyu, sama ɗaya, labari ɗaya daga hasumiya.

Gajiya ma dalili ce

Wani lokaci hazo ya yaye, fasinja sun miƙe da murna, sai a ce matuƙan sun cika awoyinsu. Wannan ya fi komai ɓata wa mutane rai, domin ga jirgi, ga sama garau, ga matuƙi yana tafiya da ƙafafunsa. Amma jira ma aiki ne. A ƙa'idar Turai, alal misali, iyakar aikin matuƙi a yini awa 13 ce tun daga lokacin da ya iso bakin aiki, ana kuma rage ta in aikin ya shiga dare ko sauka da tashi sun yi yawa. Nijeriya ma tana da irin wannan iyaka a dokokin hukumar NCAA. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka buga a mujallar Nature cewa mutumin da ya yi awa 17 ba barci, saurin hannunsa da idonsa kan ragu kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙin mota da ita. Mugun abin shi ne mai gajiya ba ya iya auna gajiyarsa, sai ya ji kamar garau yake. Shi ya sa ba a bar wa matuƙi ya auna kansa ba, aka ba agogo.

Yadda ake koya musu ɗaukar nauyin

Ba a iya cire wa mutum tausayi, ba a kuma so a cire. Abin da ake yi shi ne a hana tausayin riƙe sitiyari. Hanya ta farko ita ce yanke shawara tun kafin zuciya ta ɗau zafi. Lambobin nan na mita 800 da ƙafa 200 da awa 13 an rubuta su ne a ofis, cikin natsuwa, ba a gaban tsohuwa mai kuka ba. Matuƙin da ya tsaya a kansu yana da abin da zai gaya wa kansa da dare: ba ra'ayina ba ne, awo ne. Tun a makarantar koyon tuƙi, irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, ake cusa wa ɗalibi cewa fasa sauka a koma sama aiki ne na yau da kullum, ba abin kunya ba.

Hanya ta biyu ita ce raba nauyin. Bayan haɗarin Tenerife da wasu irinsa, wani taro da NASA ta shirya a 1979 ya haifar da horon haɗa kai a ɗakin tuƙi, wanda yanzu ya zama wajibi a duniya. Ana koya wa mataimaki ya buɗe baki ya ce wa kyaftin bai yarda ba, ana koya wa kyaftin ya saurara. A al'adarmu da yaro ba ya musu da babba wannan darasi yana da wuyar shiga, kuma ba mu kaɗai ba ne, domin a Tenerife ma injiniyan jirgin ya nuna shakka, kyaftin ya amsa da tabbaci, aka ci gaba. Shawarar da mutum biyu suka yanke tare da ofishin tsara tafiye-tafiye da masu duba yanayi ta fi sauƙin ɗauka a kan wadda mutum ya yanke shi kaɗai.

Ta uku ta shafi tunani. A 1988 Jonathan Baron da John Hershey na Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa mutane na auna kyawun shawara da abin da ya biyo bayanta. An ba mutane labarin likitan da ya yanke shawarar yin tiyata, da bayanai iri ɗaya. In an ce majinyacin ya rayu sai su yaba shawarar, in an ce ya mutu sai su kushe ta. Wannan shi ke cin matuƙi. Ya fasa tashi, bayan rabin awa sama ta washe, wani jirgi ya tashi ya sauka lafiya, sai ya ga kamar ya wahalar da mutane a banza. Alhali shawara ana auna ta ne da abin da aka sani a lokacin da aka yanke ta. Wanda ya yi kasada ya tsira sa'a ya yi, kuma sa'ar tana koya masa ya sake.

Wani masanin falsafa na Ingila, Bernard Williams, ya kawo misali a 1976 da direban babbar mota da ya kaɗe yaro ba tare da sakacinsa ba. Ya ce irin baƙin cikin da direban zai ji daban yake da na 'yan kallo, domin ta hannunsa abin ya faru, kuma da bai ji komai ba da sai mu yi shakkar mutuntakarsa. Hausa ta raba waɗannan abubuwa da kalmomi. Akwai laifi, wanda ke bukatar tuba da gyara. Akwai takaici, wanda ke zuwa ko da mutum ya yi daidai. Matuƙin da ya bar mutum 150 a Kano ranar jajibiri saboda hazo yana da dalilin takaici. Abin da ake so ya gane shi ne takaicin ba shaidar laifi ba ne. Abin da ya rage a hannunsa kuma yana iya yinsa: matuƙa da yawa sukan ɗauki makirfo, ko su fito zauren jira, su yi wa mutane bayani da bakinsu, su faɗi nisan gani nawa ne, nawa doka ke bukata. Fushin fasinja yakan fi tsanani in an bar shi cikin duhu. Abinci da masauki da mayar da kuɗi kuwa haƙƙi ne da dokokin NCAA suka ɗora wa kamfani gwargwadon tsawon jinkirin, ba aikin matuƙi ba ne, kuma kamfanin da ya yi sakaci da su shi ke jawo wa ma'aikatansa zagi, wani lokaci har da duka.

Ta huɗu ita ce samun wanda za a gaya wa. Matuƙa sun daɗe suna ɓoye damuwarsu don tsoron kada likita ya karɓe musu lasisi. Bayan haɗarin jirgin Germanwings a 2015, Tarayyar Turai ta yi doka a 2018 da ta wajabta wa kamfanoni su samar da tsarin da matuƙi zai yi magana a asirce da wani matuƙi ɗan'uwansa da aka horar don sauraro.

Mu dawo gida. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, musamman in Babbar Sallah ta ƙarato, ana loda shanu da raguna a manyan motoci za a yi kudu da su. Direban ya yini a tsaye ana lodi, fatake na matsa masa domin kowace awa dabba na ramewa, kasuwar Sallah kuma ba ta jira. Nacewa a kan niyya da gajiya da tayar da ta yi sanyi duk suna nan, sai dai shi ba shi da hasumiya, ba shi da mataimakin da aka koya wa ya ce a'a, ba kuma wanda ke duba agogonsa. Tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba, lokacin da jikin ɗan Adam ya fi kowane lokaci neman barci, yana kan hanya.

Su kuwa maniyyatan ƙasar Gumel, tun da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse a 2014 sun sami damar tashi daga jiharsu, kuma a 'yan shekarun nan aikin Hajji yana faɗowa ne a bazara da farkon damina, inda abin tsoro shi ne hadari da zafi. Amma shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, saboda haka Hajji yana zagaya yanayin shekara cikin kusan shekara 33. A Janairu 1973, lokacin da jirgin alhazai da aka karkatar daga Legas ya yi haɗari wajen sauka a Kano mutum 176 suka rasu, tsakiyar hunturu ne. Daga wajen 2035 jigilar alhazai za ta sake komawa cikin watannin hazo, lokacin da waɗanda ke aji uku na sakandare a yau za su kai shekarun zama a kujerar dama ta ɗakin tuƙi.